Baƙi da Wasali: Yadda Yaran Kafanchan Suka Koyi Karatu, Jiya da Yau

A hutun da ya wuce, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta dawo daga asibiti da ledar magani a hannu. Ma'aikaciyar da ta ba ta maganin ta kyauta, ta rubuta mata bayani da Hausa a jikin ledar, da manyan baƙaƙe: wanda za a sha da safe, da wanda za a sha bayan cin abincin dare. Tsohuwa ta kira jikanta, ɗan aji biyar a firamare, ta ce ya duba mata. Yaro ya karɓa, ya juya ledar, ya kira sunayen haruffan ɗaya bayan ɗaya da Turanci, amma haɗa su ya gagara. Wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke zaune a dakali, wanda karatunsa bai wuce aji huɗu na elementare ba, shi ya karɓi ledar ya ɗaga ta nesa da idonsa, ya karanta mata tsaf.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Ya haddace izu biyu, kuma in aka aike shi kasuwa canji ba ya ɓace masa. To me ya sa aji huɗu na da ya ba mutum karatun da ya bi shi har tsufa, aji biyar na yanzu kuma ya bar yaro yana zare ido? Wannan tambaya ce ta sa na waiwayi tarihin koyon karatu da rubutu a garin nan da kewayensa, don waiwaye, in ji Hausawa, adon tafiya ne.

Kafin jirgi, akwai allo

Karatu ya riga jirgin ƙasa zuwa wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa akwai zangunan fatake a kan hanyoyin da suka ratsa kudancin Zazzau, irin su Zangon Katab da Kachia, kuma duk inda ayari ya yada zango ya daɗe, za ka tarar da malami a cikinsa. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, tana da limamai da alƙalai da magatakarda masu rubuta wasiƙun sarki. Duk waɗannan daga makarantar allo suka fito.

Yana da kyau mu dubi yadda malamin allo yake ɗora yaro, domin akwai dabara a ciki wadda muka saba gani har muka daina lura da ita. Da farko kolo da ka yake karatu, malam ya faɗa ya maimaita, har gajerun surori su zauna masa. Daga nan sai a shiga babbaƙu, wato sanin baƙaƙe zalla ba wasali. Malaman ƙasar Hausa ba su bar baƙaƙen da sunayensu na Larabci kawai ba, sun raɗa musu sunayen da yaro zai gani da idonsa: ambaki, ba guje, mim jaye, ɗamusa hannu, jim ƙarami koma baya. Sunan yana faɗa wa yaro siffar baƙin. In babbaƙu suka zauna sai farfaru, a sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri, yaro ya ji yadda baƙi guda yake sauya sauti. Sai ya iya wannan ne zai fara haɗa kalma, daga baya kuma ya ɗauki alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro ya rubuta allonsa da kansa.

Abu biyu ne ginshiƙin wannan tsari. Na farko, ba a tsallake mataki. Na biyu, ba a wanke wa yaro allo sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji da kunnensa. Ko almajirai hamsin ne a zauren, kowa da inda ya tsaya, malam kuma ya sani.

Makarantar allo tana da nata giɓin, kada mu ɓoye. Yaro na iya sauke Alƙur'ani bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, sai in ya wuce zuwa karatun littattafai. Mata kuma da yawa aure yakan katse musu karatu tun kafin su yi nisa. Amma wanda ya daure ya kan fita da abu a hannu, don da waɗannan baƙaƙe ne ake rubuta Hausa da ajami. Da ajami fatake suke rubuta bashi da wasiƙa, da shi malamai irin su Nana Asma'u 'yar Shehu suka rubuta waƙoƙin da suka karantar da mata a Sakkwato. Kakanninmu da suka sauka a nan ba a duhu suka zo ba.

Jirgi ya kawo gari, gari ya kawo makarantu

Kafanchan da muka sani jirgi ne ya raya ta. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna ta nan, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya hau zuwa Jos saboda kuza. Nan da nan mahaɗar ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa: Hausawa, Ibo, Yarabawa, Nufawa, ga kuma Fantswam da sauran al'ummun yankin. A 1933 aka mayar da fadar Sarkin Jama'a Kafanchan. Aikin reluwe kuwa aikin takarda ne. Tikiti, takardar auna kaya, waya tsakanin tasha da tasha, littafin albashi, duk da boko ake yin su. Ran nan mutumin da ya iya ajami kamar ruwa ya wayi gari yana neman wanda zai karanta masa rasit.

Su wa suka fara koyar da boko a yankin nan? Galibi 'yan mishan ne. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar mishan cikin garuruwan Musulmi, aka sakar musu hanya a inda ba Musulmi ne suka fi yawa ba. Ƙungiyar SIM ta sauka Kwoi a 1910, ta kuma kafa tasha a Kagoro a ƙarshen shekarun 1920. Katolika su ma suka shigo da nasu makarantu. A cikin garin Kafanchan kuma, ma'aikatan reluwe 'yan kudu sun gina coci-cocinsu, kowace da makarantarta.

Ga abin da yawancinmu ba mu cika tunawa ba: a ƙauyukan yankin nan, da Hausa mishan ta koyar da karatu. Harsuna suna da yawa, Jju da Tyap da Hyam da sauransu, kusan kowane 'yan mil kaɗan harshe ya sauya, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa. A 1932 aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, aikin da Likita Mila na Zariya yake cikin jagororinsa. Mai son a yi masa baftisma ana so ya iya karanta littafin da kansa. Saboda haka ajin karatu ya zama wani ɓangare na coci, yara da safe, manya da yamma, kuma wanda ya iya sai a tura shi ƙauyen gaba ya koyar. A Toro, ƙasar Bauchi, gwamnati ta buɗe makarantar horon malaman elementare, inda samari daga wannan yanki suka je suka dawo malamai. Marigayi Sarkin Kagoro, Malam Gwamna Awan, malamin makaranta ne kafin ya hau sarauta a tsakiyar shekarun 1940, ya kuma shafe fiye da shekara sittin a kanta.

Wannan zaɓi na Hausa ya yi wa maƙwabtanmu rana, ya kuma yi musu dare. Sun sami karatu da wuri, amma harsunansu sun daɗe ba a rubuta su sosai ba, sai daga baya masu kishinsu suka tashi tsaye. In muka ji suna kukan haka, kada mu ɗauka gaba ce da mu, gaskiyarsu ce.

Mu kuwa iyayenmu da yawa sun ja baya. Uba ya duba ya ga makarantar da ta fi kusa da gidansa a harabar coci take, sai ya ce ɗansa ba ya zuwa. Kalmar boko kanta tana ɗauke da zargi. Mutane da dama sun ɗauka daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma masanin Hausa Paul Newman ya kawo hujja cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Tsoron iyayen nan yana da dalili a zamaninsu. Amma sakamakonsa a fili yake: kafin mu farga, malanta da aikin jinya da akawu a yankin nan sun cika da 'ya'yan waɗanda suka rungumi karatu da wuri, namu suna tasha da kasuwa.

Elementare da littattafan Zariya

Hanya ta uku ita ce makarantar gwamnati da ta En'e. Tushenta yana Kano, inda Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko a kan ajami don aikin ofis da makaranta, zaɓin da ya mayar da dubban masu ilimi marasa karatu a idon hukuma. Amma a cikin aji ta yi abu guda da ya yi amfani: shekaru huɗu na elementare da Hausa ake yin su, Turanci sai yaro ya yi ƙwari, musamman in ya wuce midil.

Dattawan da suka yi elementare suna ba da labarin tsarin kusan baki ɗaya. Ana fara rubutu da yatsa a kan rairayi, sannan ƙaramin allo da alli, sannan fensir, sai daga ƙarshe alƙalami da tawada. A karatu kuwa wasula biyar ake fara sani, a ɗauko baƙi a jingina musu: ba, be, bi, bo, bu. Gaɓa biyu su haɗu su ba da kalma: ba da ba, baba, ka da za, kaza. Yaro ya ji kalmar da ya sani tun yana goye ta fito daga bakinsa ta hanyar takarda. Daga ranar da wannan ya faru, an gama mai wuyar. Sauran sai shifta, malam ya faɗa yara su rubuta, da insha'i, da rubutun wasiƙa, wanda shi ne abin da iyaye suka fi gani da idonsu.

Ku duba da kyau, wannan ai babbaƙu da farfaru ne a cikin wata riga. Baƙi tukuna, sannan wasali, sannan haɗi. Yaron da ya yi allo da asuba ya tafi elementare da hantsi bai ga baƙon abu ba, illa dai wannan daga dama yake farawa, wancan daga hagu.

Rubutun Hausa kuma ya taimaka, don harafi ba ya yaudara. Harafin c a Hausa sautinsa guda ne ko'ina ka same shi, a Turanci kuwa yau ya zama k, gobe ya zama s. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun haura 40, shi ya sa ko 'ya'yan Turawa sukan daɗe kafin karatu ya zauna musu. Inda bokon Hausa ya gaza shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Amma yaron da Hausa ce a bakinsa, jimla kaɗai ta ishe shi ya gane wanne ake nufi.

Iya haɗa baƙi ba ya ɗorewa in babu abin karantawa, kuma hukuma ta gane haka. Aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. A 1933 ta sa gasar rubuta labarai, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga 1937 Magana Jari Ce ta fara fitowa, littafi uku, kuma don 'yan makaranta aka rubuta ta. A shekarun nan ne aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Ga 'yan ƙananan azuzuwa kuma akwai jerin da tsofaffinmu ba sa mantawa: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Sunayen kaɗai sun faɗi tsarin. Garin da yake mahaɗar jirgi kuwa, jarida da littafi ba sa wuyar isowa gare shi.

Lokacin da manya suka koma aji

A farkon shekarun 1950, da mulkin kai ya ƙarato, Gwamnatin Jihar Arewa ta ga ba yadda za a yi zaɓe da mulki da jama'ar da ba ta iya karanta takardar haraji. Aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, kuma Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan yamma a zauruka da gindin bishiya. Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Bazazzaga ta Zazzau, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, har zuwa 1959 da aka rufe ta.

Wannan yaƙi ya shafi yara fiye da yadda ake zato. Mahauci ko dillalin da ya zauna a tabarma ya sha wuyar ba, be, bi, ya ga ya rubuta sunansa da hannunsa, ba zai sake kallon boko da ido irin na da ba. In ɗansa ya dawo daga makaranta, yana iya cewa kawo in gani. A shekarun nan ne kuma makarantun Islamiyya masu aji da benci da allon bango suka fara yaɗuwa a Arewa, Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka ƙarfafa su, sannan Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, ta ƙara faɗaɗa su. Sannu a hankali uba ya sami inda zai kai ɗansa, har da 'yarsa, hankalinsa kwance.

1976: ƙofa ta buɗe, ɗaki ya yi kaɗan

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. A shekarun ne kuma makarantun mishan suka koma hannun hukuma. Alheri ne babba, kada a raina shi. Yaran unguwannin nan da dama, musamman mata, ta wannan ƙofa suka shiga aji, cikinsu akwai waɗanda yau su ne malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyinmu.

Amma yaran da suka fito sun fi waɗanda aka yi lissafi yawa nesa ba kusa ba. Aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, aka ɗauki wasu ba horo. A 1977 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Kafanchan, wadda yau take Gidan Waya, duk cikin ƙoƙarin cike giɓin. Ajin da a da malam yake sanin kowa da sunan ubansa ya koma taro. Malamin da yara suka yi masa yawa ba shi da zarafin jin kowa ɗaya-ɗaya, sai ya rubuta a allo ya faɗa, aji ya amsa da murya guda. Daga waje in ka ji sai ka ce karatu ake yi. Matsa kusa, ka rufe allon, ka nuna wa yaro kalma guda, a nan za ka gane amshi yake yi.

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa, daga baya a juya Turanci. Akwai hujja a gida: a Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara da Yarabanci shekara shida, aka tarar ba su gaza 'yan uwansu ba ko a Turancin. Sai dai a gari mai harsuna irin namu, manufar ta zauna a takarda. Wane harshe za a ɗauka? Wa zai buga littattafan? Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashi ya fara makara, littattafai suka ɓace daga aji. Aka wayi gari malam yana bayani da Hausa, yana rubutu da Turanci, yaro bai iya karanta ko ɗaya ba.

Sai kuma abin da duk muka sani. Rikicin watan Maris na 1987, da na 1999, da na bayan zaɓen 2011, kowanne ya bar tabo a makaranta kamar yadda ya bari a kasuwa. An rufe makarantu, an yi zaman dokar hana fita, iyalai sun ƙaura, malamai sun nemi canjin wurin aiki, unguwanni sun rabu. Yaro ɗan shekara bakwai da ya rasa wata uku a daidai lokacin da baƙi ya fara zauna masa, sau da yawa daga farko yake komawa, amma ajin ba ya jiransa. Ana ciyar da shi gaba kowace shekara da ramin a ƙarƙashinsa.

Da makarantun gwamnati suka yi rauni, masu hali suka koma na kuɗi. Akwai nagari a cikinsu. Amma mu iyaye mun shigo da wani ma'auni: makaranta mai kyau ita ce wadda yaro zai dawo yana rera waƙar Turanci tun yana shekara uku. Wasu wuraren har tara ake cin yaro in ya yi Hausa. Sai yaro ya haddace sunayen haruffa 26, ya haddace shafin littafi da hotonsa, amma bai san sautin da harafi yake bayarwa ba, kuma kalmomin ba su da ma'ana a kunnensa. Jikan maƙwabciyata ke nan.

Abin da aka gano daga baya

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A jiharmu, a 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Har yau ana gardama a kan adalcin abin, kuma kusan kowa a nan ya san gidan da ya shafa. Amma a tuna, yawancin malaman nan su ma 'ya'yan ajin amshi ne. Ba daga sama suka faɗo ba.

Abin sha'awa shi ne maganin da masana suka dawo da shi. A jihohin Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi shirin RANA, duka don 'yan aji ɗaya zuwa uku. Me ke cikinsu? A fara da Hausa, a koya sautin harafi, a haɗa gaɓa, a ba kowane yaro littafinsa a hannu, a riƙa jin karatunsa shi kaɗai lokaci-lokaci. Da malamin allo na zamanin Jama'ar Daroro ko malamin elementare na zamanin En'e zai leƙo, cewa zai yi ai wannan namu ne.

Gwamnatin tarayya kuwa tana ta kai da kawo. A 2022 ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar da komawa Turanci. Ba wanda yake musun cewa 'ya'yanmu suna buƙatar Turanci, da shi za su rubuta jarrabawa, da shi za su nemi aiki. Maganar ita ce ta ina ake shiga. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro yake mafarki da shi. In ya iya, sai ya ɗauki dabarar ya shiga Turanci da ita, kamar yadda tsohon ma'aikacin reluwen nan ya yi har ya riƙa cike takardun tasha.

To mu fa?

Manufar Abuja ba a hannunmu take ba, amma zaurenmu da Islamiyyarmu suna hannunmu. Shekara ɗari na tarihin garin nan sun nuna cewa ko a allo, ko a ajin coci, ko a elementare, karatu ya kama ne a inda aka bi mataki-mataki da harshen da yaro yake ji, wani babba ya saurare shi shi kaɗai, aka kuma sa masa abin karantawa a hannu. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin unguwa.

Kowane uba, kowace uwa, a gwada yau da dare. A rubuta jimla guda da Hausa wadda yaro bai taɓa gani ba, a ce ya karanta. Kada a dogara da takardar sakamako ko na nawa ya zo a aji. In ya kasa, ba duka ba, ba gori ba, a koma ba, be, bi, minti goma sha biyar kullum bayan magariba. Wanda bai yi boko ba ya nemi yayan yaron ko ɗan maƙwabta, shi kuma ya zauna kusa yana ji. Kwamitocin Islamiyyunmu su duba ko za su ware rabin awa, sau biyu ko uku a mako, don karatun Hausa da boko da ajami ga ƙananan yara. Malaman da suka iya farfaru ba za su sha wuyar wannan ba. Muna da tsofaffin malamai 'yan fansho da ke zaune a dakali, muna da 'yan kwaleji da ke zaman jiran aiki. Akwai gidajen da Magana Jari Ce take ƙasan akwati gara tana ci. A fito da ita. Sannan a riƙa leƙa taron iyaye da malamai, a yi tambaya guda: yara nawa ne a aji uku suke iya karanta shafi su kaɗai? A yi ta da ladabi, don malamin da ke fama da cikakken aji abokin aiki yake nema, ba mai tuhuma ba. In maƙwabtanmu na wasu unguwanni suna da irin wannan damuwa, kuma suna da ita, to ga abin da za a zauna a kai tare.

Jikan maƙwabciyata yanzu kullum bayan la'asar yana wurin tsohon nan a dakali, da ɗan littafi mai layi da fensir. Rannan na wuce na ji suna kan ƙa, ƙe, ƙi, tsoho yana cewa a ƙara matse maƙogwaro. Allah Ya buɗa ƙwaƙwalwar yaranmu, Ya jiƙan malaman da suka ɗora mu a kan baƙi, na allo da na aji, Ya kuma zaunar da garinmu lafiya.